Yadda Ake Wanke Burushin Fenti da Adana Shi Don Ya Daɗe Yana Aiki

A yawancin gidajen da aka yi wa fenti gabanin Sallah ko lokacin gyaran ɗakin amarya, idan aka leƙa bayan ɗaki ko sito bayan wata guda, za a tarar da burushi biyu ko uku a yashe, gashinsu ya sandare ba ya ko lanƙwasuwa, alhali da yawansu aiki ɗaya tak suka yi. Mutuwar burushi daga gindinsa take farawa, wato daidai wurin da gashi ya shige cikin ƙarfen da ya ɗaure shi da mariƙi. Idan fenti ya taru a wannan lungu ya bushe, sai ya raba gashin ya buɗe shi, bakin burushin ya baje, daga nan kuma ba zai sake jan layi miƙaƙƙe a gefen taga ko ƙarƙashin silin ba, ko da an wanke samansa fes. Saboda haka duk matakan da za a bi a ƙasa manufarsu ɗaya ce: a hana fenti isa gindin gashi, wanda ya isa kuma a fitar da shi tun yana ɗanye.

Sanin fentin da sanin burushin

Kafin a taɓa ruwa ko kananzir, wajibi ne a san irin fentin da ke jikin burushin, domin shi ne yake yanke abin da za a wanke shi da shi. Fentin ruwa, wanda ake shafa wa bango da silin, da ruwa ake sirka shi, kuma da ruwa da sabulu ake wanke shi muddin bai bushe ba. Da zarar ruwan da ke cikinsa ya ƙafe, ƙwayoyin robar da ke ciki sai su haɗe su zama fata guda wadda ruwa ba ya iya narkarwa kuma. Fentin mai, mai ƙyallin nan da ake shafa wa ƙofofi da tagogi da get da ƙarafan kariya, ruwa ba ya kama shi sam, sai tina, wato sinadarin da ake sirka shi da shi, ko kananzir. Bushewarsa ta fi ɗaukar lokaci, amma tana da wani sirri da ya kamata a sani: iska ce take haɗuwa da man da ke cikinsa ta taurara shi, kuma idan ya gama taurara, kananzir ɗin da zai narkar da shi jiya ba zai yi masa komai yau ba. Banish, wanda ake shafa wa katako don ya yi ƙyalli, yakan zo a nau'i biyun, don haka a karanta bayan gwangwani, inda kamfanoni irin su Dulux da Berger suke rubuta abin da ake sirka fentin da shi da kuma abin da ake wanke kayan aiki.

Shi ma burushin iri biyu ne. Akwai mai gashin roba, wato nailan ko foliyesta, wanda ba ya shan ruwa, shi ya sa ya fi dacewa da fentin ruwa. Akwai kuma mai gashin dabba, wanda ke kwantar da fentin mai sumul, amma idan aka sa shi a fentin ruwa sai ya sha ruwa ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, aikin ya fita da zane-zane. Yana da kyau mai saye ya sani cewa yawancin burushin gashin dabba da ake shigowa da su, musamman daga ƙasar Sin, da gashin alade ake yin su. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba, sai ya nemi mai gashin roba mai kyau, domin na zamani yana ɗaukar fenti iri biyun. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa yawo da burushi ɗaya tsakanin fentin ruwa da na mai. A ware wa kowane nasa, a yi wa mariƙin alama da zare ko ɗigon fenti, haka nan a ware na farin fenti daban, domin ja ko shuɗi da ya ɓuya a gindin gashi yakan fito ne a daidai lokacin da ake shafa fari.

Kafin a tsoma shi a fenti

Rabin wahalar wanki ana kauce mata ne tun a nan. Idan burushin sabo ne, a buga gashinsa a tafin hannu, a ja shi da yatsu sau da yawa domin gashin da bai kamu ba ya fita tun kafin ya manne a bango. Daga nan sai a jiƙa shi da abin da za a wanke shi da shi a ƙarshe: ruwa idan fentin ruwa ne, ɗan kananzir ko tina idan na mai ne. A yarfe shi sosai har ya rage danshi kawai. Wannan danshi yana cika gindin gashin, sai fenti ya rasa wurin maƙalewa a can.

Wajen tsomawa, kada fenti ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon gashi, iyakarsa rabi. Mutane da yawa suna nutsar da burushi har ƙarfe da tunanin cewa aiki zai fi sauri, alhali fentin da ya haura can ba ya sauka a bango, zama yake yi ya bushe. Bayan an tsoma, a ɗan bubbuga gefen burushin a cikin bokitin maimakon a kankare shi a bakin gwangwani, domin yawan kankarewa yana tura fenti sama kuma yana karya gashin gefe. Idan aikin silin ne ko saman bango, inda bakin burushi ke kallon sama, fenti zai riƙa gangarowa gindi ko an ƙi ko an so, don haka a riƙa tsayawa lokaci-lokaci ana goge ƙarfen da tsumma. Ya fi kyau kuma a zuba fenti kaɗan a wata ƙaramar roba a yi aiki daga ciki, a rufe babban bokitin, domin kada ƙura da yashin da burushi ya kwaso daga bango su koma cikin fentin gaba ɗaya.

Yanayinmu yana ƙara wa wannan magana nauyi. A watan Afirilu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura digiri 40, lokacin hunturu kuma iska tana bushewa ƙwarai. A irin wannan yanayi fentin ruwa yana fara kamawa a saman gashi tun ana tsakiyar aiki, saboda haka duk bayan awa biyu ko ƙasa da haka a ɗauraye burushin, a yarfe, sannan a ci gaba.

Idan za a ɗan huta

Tafiya salla ko cin abinci ba ta buƙatar cikakken wanki, amma barin burushi a fili na rabin awa ya isa ya fara lalata shi. A bar fentin a jikinsa, a sa shi cikin leda, a matse iskar da ke ciki, a ɗaure bakin ledar a jikin mariƙi, a ajiye a inuwa. A haka zai kai awanni da dama, burushin fentin mai ma yana iya kwana. Masu fenti suna da wata tsohuwar dabara ta tsoma burushin fentin mai a ruwa ya kwana, domin ruwan yana tare iska. Dabarar tana aiki na dare ɗaya, da sharaɗin a goge ruwan sarai a jikin kwali da safe, amma idan ta zama ɗabi'a ƙarfen zai yi tsatsa, katakon mariƙin ya kumbura, idan ya bushe kuma ya motse, kan burushin ya fara girgiɗi. Abin da ya fi kowanne ɓarna shi ne a tsayar da burushi a kan gashinsa a cikin gwangwani, domin nauyinsa zai lanƙwashe bakin, kuma lanƙwasar kwana biyu ba ta cika miƙewa ba.

Wanke burushin fentin ruwa

Da an gama aiki, a fara da mayar da fentin da ya rage cikin bokitinsa ta hanyar matse gashin a hankali da wuƙar kankara ko gefen wani katako, daga gindi zuwa baki. Sannan a shafa burushin a kan tsohuwar jarida ko kwali har ya kusa daina fitar da launi. Wannan mataki yana rage ruwan da za a kashe ƙwarai, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa.

A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Ruwan ya kasance mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan, kada ya zama tafasasshe, domin zafi mai yawa yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gashi a cikin ƙarfe kuma yana sa fentin ya ƙara kamawa. Sabulun wanki na sanda ko na wanke kwanuka ya wadatar. A tsoma burushin a ruwan sabulu, a riƙa danna gashin a tafin hannu ana buɗe shi da yatsu, ana cuɗa gindin musamman, domin nan ne fenti yake ɓuya. A nan ne mataji yake da amfani. A sami tsohon mataji mai manyan haƙora da aka daina amfani da shi, ko tsohon cokali mai yatsu, a taje gashin daga ƙarfe zuwa baki, a juya a taje ɗaya ɓangaren. Za a ga dunƙulen fenti suna fitowa daga tsakiya ko da an zaci burushin ya fita. Burushin waya yana cire busasshen fentin da ke kan ƙarfe, amma idan za a kai shi kan gashi, to a hankali kuma ta fuska ɗaya kawai, daga gindi zuwa baki.

Daga nan sai ɗauraya. Idan a famfo ne, bakin burushin ya kalli ƙasa domin ruwa ya kwashe fentin ya fita da shi. Juya shi sama a ƙarƙashin ruwa mai ƙarfi yana watsa gashi yana kuma tura datti cikin ƙarfe. Hanyar gane ko ya fita ita ce a matse gindin gashin da yatsu biyu: idan ruwan da ya fito yana da sauran fari ko launi, a koma kan sabulu. Yawancin mutane a nan suke gajiya su tsaya, kuma wannan ɗan ragowar, idan ya taru sau uku ko huɗu, shi ne yake buɗe burushi.

Wanke burushin fentin mai

Wannan ya fi cin lokaci kuma yana da haɗari, don haka wurin yinsa ma abin dubawa ne. A yi shi a tsakar gida ko wani fili mai iska, nesa da murhu da kurfoti da janareta da mai shan taba, a sa safar hannu ta roba, a kuma kawar da yara. Ana yawan ganin masu wanke burushi da fetur saboda yana kusa kuma yana cin fenti nan take, amma ba shawarar da za a bai wa kowa ba ce. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi tafiya har ya tarar da garwashi a wani ɓangaren gidan, kuma yana kama wuta ko a cikin sanyi. Kananzir da tinan fentin mai sun fi shi dama, duk da cewa su ma masu kama wuta ne. A lura kuma cewa tina iri-iri ne a kasuwa. Mai ƙarfin nan da ake sirka fentin mota da na kujeru da shi yana iya cinye fentin mariƙi, ya busar da gashin dabba, ya kuma lalata wasu gashin roba, saboda haka a gaya wa mai shago cewa na wanke burushin fentin gida ake nema.

Bayan an matse fentin an goge a jarida kamar yadda aka yi bayani a sama, a jera gwangwani uku, a zuba wa kowanne kananzir kaɗan, daidai yadda zai rufe gashin. A na farko ake babban aiki: a riƙa danna burushin a gindin gwangwanin ana juya shi na 'yan mintoci har kananzir ɗin ya yi kauri da launi, a fitar a matse da tsumma, a taje. A koma na biyu a maimaita, sannan na uku, wanda ya kamata ya fito kusan garau. Wanki uku da kananzir kaɗan-kaɗan ya fi wanki ɗaya a cikin mai yawa, domin a wanki ɗaya burushin yana iyo ne a cikin dattin da ya fitar.

Kananzir yana barin maiƙo a gashi, kuma maiƙon yana ɗauke da sauran fenti. Don haka a kammala da ruwan ɗumi da sabulu, a cuɗa har kumfa ta fito fara, a ɗauraye. Idan mai gashin dabba ne, kada a bar shi ya jima a ruwan, kuma bayan ya bushe ana iya shafa masa ɗigo biyu na man gashi ko man keke domin ya yi laushi, amma a tuna a ɗauraye shi da kananzir kafin aiki na gaba.

Kananzir ɗin da aka yi wanki da shi ba abin zubarwa ba ne, balle yanzu da ya yi tsada. A haɗa shi a gwangwani ɗaya mai murfi, a ajiye kwanaki, fentin zai kwanta a ƙasa, sai a tsiyaye na saman a hankali a yi wankin farko da shi nan gaba. A rubuta a jikin gwangwanin abin da ke ciki. Kada a kuskura a zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo, domin shan kananzir bisa kuskure daga irin waɗannan gorori yana cikin haɗurran da ke kai yara ƙanana asibiti. Tsumman da ya sha fentin mai ko banish shi ma kada a dunƙule shi a jefa a kwali, domin man da ke bushewa yana fitar da zafi, kuma tarin irin wannan tsumma yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje har ya bushe, ko a nutsar da shi a ruwa. Hannun da fenti ya ɓata kuwa, man gyaɗa ko man ja yana narkar da shi, sai a bi da sabulu, ba sai an wanke fata da fetur ba.

Busarwa da ajiya

Bayan ɗauraya, a yarfe burushin da ƙarfi, sannan a sa kansa cikin bokitin da babu komai, a kama mariƙin tsakanin tafukan hannu biyu a murza shi yadda ake murza maburgi a tukunyar miya. Ruwan da ke gindi zai fita ya bugi bangon bokitin maimakon tufafin mai aiki. A taje shi karo na ƙarshe, a daidaita gashin da yatsu ya koma siffarsa ta asali, bakinsa a haɗe.

A rataye shi a inuwa, gashi yana kallon ƙasa. Yawancin burushi suna zuwa da huda a ƙarshen mariƙi saboda wannan, wanda ba shi da ita kuma sai a huda shi a zura waya ko igiya. Idan aka tsayar da shi gashi a sama yana jiƙe, ruwa zai gangara cikin ƙarfe ya kawo tsatsa ya ruɓar da katako. Shanya shi a kan kwanon rufi ko a tsakiyar rana kuma yana sa gashin ya yi ƙarfi ya riƙa karyewa. Da rani kwana ɗaya ya isa, da damina a ba shi biyu ko fiye, a kuma taɓa tsakiyar gindin a tabbatar babu danshi.

Idan ya bushe, a mayar da shi cikin kwalin da ya zo da shi, shi ya sa bai kamata a yar da wannan kwali ranar saye ba. Idan babu, a naɗe gashin da takarda mai kauri, a ninke bakin ba tare da an lanƙwasa gashi ba, a ɗaure da zare a kan ƙarfen. Leda ta dace da hutun awanni, amma ba ta dace da ajiyar watanni ba, domin tana riƙe danshi har fumfuna ta kama. A ajiye shi a kwance ko a rataye, nesa da ƙasa, inda gara ba za ta kai ga mariƙi ba, kuma kada a ɗora masa guduma ko wani abu mai nauyi. Asu da kyankyasai suna cin gashin dabba, don haka ƙwayar kafur ɗaya ko biyu a cikin akwatin tana da amfani.

Rola, wato abin shafa fentin nan mai mirginawa, ita ma kusan haka ake yi mata, sai dai tana shan fenti fiye da yadda ake zato. A kankare ta da gefen wuƙa a mayar da fentin bokiti, a zare rigar daga ƙarfenta a wanke kowanne daban, a tsayar da rigar a kan ƙarshenta ta bushe, domin idan aka kwantar da ita gefe ɗaya zai danne ya riƙa barin tabo a bango.

Burushin da ya riga ya sandare

Idan fentin ruwa ne kuma bai daɗe ba, a jiƙa gashin a ruwan ɗumi mai sabulu na wasu awanni, a rataye shi yadda ruwan zai tsaya a bakin ƙarfe kuma gashin ba zai taɓa ƙasan mazubin ba, sannan a taje. Idan ya ƙi, a ɗumama ruwan binega, wato ruwan khal, a jiƙa shi a ciki kamar rabin awa, a taje, a maimaita. Binega ba ta narkar da fentin, tana dai tausasa shi yadda mataji zai iya ɓamɓare shi. Fentin mai da ya taurara sai maganin cire fenti da ake sayarwa a shagunan kayan gini, wanda yake ƙona fata kuma warinsa yana da illa, saboda haka sai da safar hannu kuma a waje. Gashin roba da ya lanƙwashe ana iya tsoma bakinsa kawai a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a miƙar da shi da mataji, a naɗe da takarda har ya huce.

A nan ya kamata a yi lissafi. Burushi mai araha da gashinsa ke zuba tun ranar farko bai cancanci kuɗin maganin cire fenti ba, mai kyau ne ake wahala a kansa. Wanda aka ceto ma da wuya ya koma yin aikin gefe mai tsabta, amma yana da sauran amfani: shafa jan fentin hana tsatsa a get, shafa maganin gara a katakon rufi, ko share ƙura daga bango kafin a fara fenti.

Ruwan wankin kuma kada a tuttular da shi kusa da rijiya, ko gindin bishiya, ko inda kaji da awaki ke sha. A bar shi a bokiti ya kwana, fentin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a kan yashi nesa da rijiya, a bar guggubin ya bushe a ɗaure shi a leda a kai bola. Wasu fentin mai, musamman masu launin ja da rawaya, suna ɗauke da dalma, wadda ke yi wa ƙwaƙwalwar yara illa ko da kaɗan ce ta shiga jiki. Saboda haka bokiti da roba da matajin da aka yi wannan aiki da su sun zama na fenti ke nan, a ajiye su tare da burushin, kada su koma madafa ko wurin wankan yara.